Waƙa ɗaya, dukiya biyu: asalin kasuwar rubuta waƙa da ɗab'inta

A watan Disamban 2020 aka ba da labarin cewa mawaƙin Amurka Bob Dylan ya sayar wa kamfanin Universal waƙoƙinsa sama da 600, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 300. A farkon 2022 kuma sai ga sanarwar cewa kamfanin Sony ma ya sayi waƙoƙin Dylan. Dole mai karatu ya tsaya ya tambaya, yaya za a sayar da akuya ɗaya ga mutum biyu? Irin wannan ruɗani ya taso a 2021, lokacin da Taylor Swift ta fara fitar da tsofaffin waƙoƙinta da ta sake rerawa saboda na farkon ba a hannunta suke ba, alhali da hannunta a rubuta su.

Babu damfara a cinikin Dylan. Abu biyu daban ya sayar, kuma dalilin rabuwarsu yana cikin tarihin wata kasuwa da ta girma a birnin New York tun kafin a san rediyo.

Haƙƙi biyu a waƙa ɗaya

Abin da kunne ke ji a matsayin waƙa ɗaya, a wurin doka dukiya biyu ce. Ta farko ita ce ƙirƙirar kanta, wato baitoci da kari, abin da mutum zai haddace ya riƙa rerawa yana tafiya a hanya. Ta biyu ita ce naɗin da aka yi rana kaza a situdiyo kaza, da muryar wane da makaɗa su wane. Universal ta farkon ya saya, Sony ta biyun.

Mai kula da dukiya ta farko shi ake kira mai ɗab'in waƙa, ko da yake a yau da wuya ya buga takarda ko guda. Aikinsa shi ne riƙe haƙƙin mallaka, ba da izinin amfani, bin kuɗi da raba su da marubuci. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da waƙa ba ta da wata siffa da za a saya a kai gida sai takarda.

Zamanin takarda da fiyano

Turawa sun daɗe da hanyar rubuta kari da alamomi a kan layuka biyar, ta yadda wanda ya iya karatunsu zai kaɗa waƙar da bai taɓa ji ba. Tun a 1501 Ottaviano Petrucci ya buga littafin irin waɗannan alamomi a Venice. Doka ce ta yi jinkiri. A Ingila sai a 1777 kotu ta yanke, a ƙarar da marubucin kiɗa Johann Christian Bach ya kai wani kamfanin Landan, cewa kiɗan da aka rubuta shi ma rubutu ne, dokar littattafai ta rufe shi. Amurka ba ta sa waƙa a dokarta ta haƙƙin mallaka ba sai a 1831.

Mai karatu Bahaushe zai fi ganin girman wannan sauyi idan ya tuna da makaɗin fada ko na sana'a. Waƙarsa tana bakinsa, ladansa kuma yana hannun wanda ya wasa: riga, doki, kuɗin liƙi. Sai ya halarta ake jin ta. Takarda ce ta raba waƙa da bakin mai ita. Daga nan waƙa na iya kwana a gida dubu marubucinta bai sani ba, kuma tambayar wa zai ci kuɗin ta zama tambayar wa ke riƙe da izinin bugawa.

Stephen Foster, wanda aka haifa kusa da Pittsburgh a 1826, shi ake ɗauka Ba'amurke na farko da ya yi ƙoƙarin rayuwa da rubuta waƙa kaɗai. Waƙarsa "Oh! Susanna" ta game ƙasar bayan 1848, maɗaba'u da dama suka yi ta buga ta ba da izininsa ba, shi kuwa dala 100 aka ce ya samu. A 1849 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Firth, Pond a kan senti biyu duk kwafi, kuma senti 100 ne dala ɗaya. Amma ba shi da ko anini idan an rera waƙarsa a dandali, domin dokar lokacin takarda kawai ta sani. Da bashi ya yi masa yawa sai ya riƙa sayar da haƙƙinsa ɗungurungum. Ya rasu a asibitin Bellevue na New York a Janairun 1864, da senti 38 a jakarsa.

Abin da ya mayar da wannan ƙaramar sana'a babbar kasuwa shi ne fiyano. Bayan yaƙin basasar Amurka masana'antu suka rage farashinsa, aka riƙa sayar da shi biya kaɗan-kaɗan, ya zama alamar rufin asiri a falon mai matsakaicin hali. A shekarar 1909 kaɗai an ƙera fiyano sama da 350,000 a ƙasar. Mata da 'yan mata ne akasarin masu kaɗa shi a gida, su ne kuma masu sayen takardun waƙa, shi ya sa ake rubuta kari mai sauƙi da labari mai taɓa zuciya.

Titi na 28

Wanda ya nuna wa kowa yawan kuɗin da ke ciki shi ne Charles K. Harris na birnin Milwaukee. Bai iya rubuta alamomin kiɗa ba, wani yake biya ya rubuta masa abin da ya rera. Kason da ya taɓa samu daga wani kamfani ya ba shi takaici, don haka a 1892 ya buga "After the Ball" da kansa. Ya biya wani mawaƙin dandali, J. Aldrich Libbey, ya cusa ta a wasan da suke zagaya gari-gari da shi. A 1893 ƙungiyar makaɗan John Philip Sousa ta yi ta kaɗa ta a baje kolin duniya na Chicago, baƙi suka koma garuruwansu da ita a baki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an sayar da kwafi miliyan biyar, kuma da yake shi ne marubuci shi ne mai ɗab'i, babu kamfanin ɗab'in da ya raba da shi.

Waɗanda suka rugo cikin harkar ba malaman kiɗa ba ne, 'yan kasuwa ne. Edward B. Marks maɓallai yake sayarwa, abokinsa Joseph W. Stern laktaye, Leo Feist kuma rigunan ɗaure ƙugu na mata. 'Ya'yan Witmark, da suka buɗe nasu kamfanin a 1886, shekarunsu ba su kai na sa hannu a takardar ciniki ba, sai suka yi amfani da sunan mahaifinsu. Da yawa daga cikinsu Yahudawa ne 'yan ci-rani ko 'ya'yansu, waɗanda manyan sana'o'i ba su buɗe wa ƙofa ba. Abin da suka zo da shi sabo shi ne ɗabi'ar ɗan tireda: ba a zaman jiran mai saye, fita ake yi a neme shi.

Wajen ƙarshen ƙarni na 19 suka fara tattaruwa a Titi na 28 ta yamma a Manhattan, kusa da gidajen wasa da ofisoshin masu ɗaukar 'yan wasa aiki. Kowane gini an yanyanka shi ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da fiyanonsa. Da zafi ana buɗe tagogi, sai mai wucewa ya ji waƙa goma sha a lokaci guda, kowace da nata kari. Daga wannan hayaniya laƙabin Tin Pan Alley ya fito, wato lungun kwanonin gwangwani. An fi danganta shi da ɗan jarida kuma marubucin waƙa Monroe Rosenfeld a farkon shekarun 1900. Daga baya sunan ya koma na masana'antar gaba ɗaya, ko bayan ta bar titin.

Aiki a ciki a rarrabe yake kamar na masaƙa. Wani baiti, wani kari, wani ya zauna ya rubuta alamomi ya daidaita su da muryar mai saye, wani ya zana hoton bango. Idan waƙar uwa ta karɓu wannan watan, wata mai zuwa kowane kamfani na da tasa waƙar uwa. Dogayen baitoci masu ba da labari suka riƙa gajarta, amshi ya zama shi ne waƙar, domin shi mutum ke fita da shi daga gidan wasa.

'Yan tallan waƙa

Tunda babu rediyo, sai an kai waƙa kunnen mutum da ƙafa. Wannan shi ne aikin ɗan tallan waƙa, kuma a nan ne ainihin ƙarfin kamfani yake.

Da rana yana zaune a kan fiyano a babban kanti, mace ta miƙo takarda, ya kaɗa mata ta ji kafin ta biya. A kantunan Woolworth senti goma ake sayar da kwafi. Da dare sai ya cika aljihu da ƙananan takardu masu ɗauke da amshi kaɗai, ya shiga mashaya, gidan rawa, filin tseren keke, duk inda jama'a suka taru. Ya sayi abin sha ga makaɗa, ya rarraba takardun a tebura, ya tayar da amshi har ɗakin ya ɗauka. Marks ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa yakan zaga wurare sittin a mako. A gidajen wasa kuma akan dasa yaro mai zaƙin murya a cikin 'yan kallo, idan tauraruwa ta gama baiti sai ya miƙe kamar abin ya tsuma shi ya maimaita amshi. 'Yan amshi ne na haya, 'yan kallo ba su sani ba.

Manyan marubuta da dama ta nan suka biyo. George Gershwin ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, a 1914, ya kama aikin talla a kamfanin Remick a kan dala 15 a mako. Irving Berlin, wanda iyayensa suka zo da shi daga daular Rasha a 1893, sabis yake yi yana rera waƙa a wani gidan shan shayi da barasa a unguwar 'yan Sin. Waƙarsa ta farko, a 1907, ko rabin dala ba ta kawo masa ba.

Babban abin nema shi ne tauraron da ke zagaya ƙasa ta jirgin ƙasa, domin idan ya ɗauki waƙa zai kai ta birni talatin. Sai aka fara ba da na goro: kuɗin mako, tufafin wasa, hoton tauraro a bangon takarda. Wani lokaci ma a rubuta sunansa cikin marubuta ya riƙa cin kaso, alhali ko kalma bai sa ba. Mawaƙi Al Jolson ya yi suna da wannan. Abin ya yi wa kamfanonin kansu nauyi har suka kafa ƙungiya a 1917 don su hana juna biya, amma ba a daɗe ba aka koma ruwa. Biyan masu gabatar da shirye-shiryen rediyo don su sa waƙa, wanda ya zama abin kunya a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, jikan wannan al'ada ne.

Wa ya ci, wa ya tashi a tutar babu

A nan ra'ayin masu nazari ya rabu. Masu kare kamfanoni na cewa mafi yawan waƙoƙin da aka buga ko kuɗin takarda ba su mayar ba. Kamfani ne ke ɗaukar asarar bugu da talla, don haka marubucin da ya karɓi dala 10 ko 25 a hannu ya tafi ya sayar da haɗari ne, ba a ƙwace masa komai ba. Masu suka kuma na cewa cinikin ba na tsara ba ne: mai yunwa ne a gaban mai jari, kuma mai jarin ya fi shi sanin abin da hajar za ta iya kawowa. Duka biyun suna da hujja. Sai dai idan aka duba su wa suka fi yawan sayarwa ɗungurungum, ma'auni yakan karkata.

Baƙaƙen fata su ne tushen salon da ya fi kawo kuɗi, ragtime sannan blues, a kasuwar da ta gaji wasannin da farare ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe don raha. Hotunan bangon takardu da yawa na shekarun 1890 cin mutunci ne ƙarara, kuma wani lokaci baƙar fata ne ya rubuta waƙar don ita kasuwa ke saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. W. C. Handy ya sayar da "Memphis Blues" a 1912 a kan kuɗi kaɗan, ya zuba ido wasu suna cin ribarta. Bayan shekara biyu ya buga "St. Louis Blues" a kamfanin da suka kafa da Harry Pace, kuma ta ciyar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Scott Joplin ya samu yarjejeniyar senti ɗaya duk kwafi daga mai ɗab'i John Stark a 1899, abin da ba kasafai ake ba baƙar fata ba a lokacin. Berlin ma da ya yi ƙarfi kamfaninsa ya buɗe. Harris, Handy da Berlin ba su haɗa salo ba, abin da suka haɗa shi ne riƙe takardar mallaka.

Injin da ba ya karatu

Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya a 1877, Emile Berliner ya kawo garmaho mai faifai bayan shekara goma. Aka kuma samu fiyano mai kaɗa kansa, wanda ake saƙala wa naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji. Masu waɗannan injuna suna amfani da waƙoƙi ba sa biyan kowa. Hujjarsu ita ce doka kwafi ta hana, kwafi kuwa abu ne da ido ke karantawa, ba wanda ke karanta huji. A 1908, a shari'ar kamfanin ɗab'i na White-Smith da kamfanin Apollo mai ƙera irin wannan fiyano, Kotun Ƙolin Amurka ta ba masu injuna gaskiya.

Sousa da marubucin kiɗa Victor Herbert sun riga sun kai kuka majalisa tun 1906. Majalisar ta yarda a biya marubuta, amma tana tsoron abu guda: kamfanin Aeolian, mai ƙera fiyano mai kaɗa kansa da takardunsa, ya riga ya ƙulla yarjejeniya da masu ɗab'i da yawa, in aka ba su cikakken iko shi kaɗai zai mamaye kasuwa. Dokar 1909 sai ta raba gardama. Da zarar mai waƙa ya yarda an naɗe ta sau ɗaya, kowa na iya naɗar tasa ba sai ya nemi izini ba, muddin zai biya senti biyu duk kwafi. Masu goyon baya na cewa wannan ne ya sa waƙa ɗaya ke samun mawaƙa hamsin. Marubuta na cewa an ƙayyade wa hajarsu farashi kamar ba tasu ba, kuma senti biyun nan bai motsa ba sai a 1978. Tun daga wannan doka kamfanin faifai da kamfanin ɗab'i suka zama gida biyu, ɗaya na biyan ɗaya.

Kiɗan da ke rakiyar abinci

Saura kuɗin rerawa a bainar jama'a. Faransa ce ta riga kowa. A 1847 marubucin waƙa Ernest Bourget ya zauna a wani gidan shaƙatawa a Paris, ya ji ana rera waƙarsa, ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha sai an biya shi nasa. Kotu ta ba shi gaskiya, kuma a 1851 aka kafa SACEM don karɓar irin wannan kuɗi a madadin marubuta.

Amurka ta sa haƙƙin a doka a 1897, amma mutum ɗaya ba zai iya zaga otal dubu yana kasa kunne ba. A ranar 13 ga Fabrairun 1914 marubuta da masu ɗab'i suka kafa ASCAP, ƙungiyar da za ta karɓa musu wannan kuɗi, a New York. Masu otal da gidajen abinci suka ce ba sa karɓar kuɗin shiga, don haka ba riba suke nema da kiɗa ba, tallata waƙar ma suke yi kyauta. Herbert ya kai gidan abinci na Shanley ƙara, ya faɗi a ƙananan kotuna, ya yi nasara a Kotun Ƙoli a 1917. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya ce abincin ana iya samunsa da araha a wani wuri, kiɗan na cikin abin da mutane ke biya, kuma da ba ya kawo riba da an daina shi. Sai a 1921 ASCAP ta fara raba wa mambobinta kuɗi.

Daga nan takarda ta fara ja da baya. Rediyo ya shigo a 1920, fim mai magana a 1927, kuma a 1929 kamfanin fim na Warner Bros. ya saye kamfanonin ɗab'i na Witmark, Remick da Harms don ya mallaki waƙoƙin finafinansa. Gidajen rediyo, da suka ga ASCAP na neman ƙarin kuɗi, suka kafa tasu ƙungiyar, BMI, a 1939, suka ƙaurace wa waƙoƙin ASCAP na wata goma a 1941. Don cike gurbi suka koma kan tsofaffin waƙoƙin Foster da haƙƙinsu ya ƙare, BMI kuma ta buɗe ƙofa ga mawaƙan karkara da na blues waɗanda ASCAP ba ta cika karɓa ba. Gine-gine biyar na Titi na 28, hukumar birnin ta sa su cikin wuraren tarihi a 2019.

Inda abin ya shafi mawaƙi da mai sauraro a yau

Tsarin nan ya bazu duniya ta yarjejeniyoyi irin ta Berne ta 1886, kuma shi ke aiki a bayan YouTube, Spotify da Audiomack. Duk sauraro ɗaya kuɗinsa kashi biyu ne, na naɗi da na ƙirƙira, kuma kowanne ta hanyarsa yake bi. Shi ya sa wanda ya sake rera waƙar wani da muryarsa, a situdiyon da ya biya da kuɗinsa, zai iya ganin an karkatar da kuɗin bidiyonsa ko an sauke shi: naɗin nasa ne, baiti da kari ba nasa ba. Shi ya sa kuma ake bin otal, gidan biki da gidan rediyo kuɗin lasisi ko da sun sayi waƙar, hujjar Holmes ce har yanzu. Aikin da MCSN ke yi a Najeriya, BNDA a Nijar da GHAMRO a Gana irin na SACEM ne da ASCAP.

Mawaƙin da furodusa ya biya sau ɗaya ya karɓi waƙar fim yana tsaye ne inda Handy ya tsaya a 1912, da bambanci guda mai muhimmanci. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, haƙƙi na samuwa ba sai an yi rajista ba, kuma miƙa shi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka abin dubawa a takardar yarjejeniya shi ne wanne daga cikin biyun aka sayar, na tsawon wane lokaci, da sunan wa za a rubuta a matsayin marubuci. Wa'adinsu ma ba ɗaya ba ne. Kariyar naɗi shekara 50 ce, ta baiti da kari kuwa tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma tana shiga cikin abin da magada za su raba.